Tulu, Gora da Muryoyi: Bashin da Zumuntar Mata Ke Bin Mu

Duk wanda ya zauna a Jos, Kafanchan, Biliri, Mubi ko Sabon Garin Kano ya san wannan sautin: tulu yana gurnani, gora mai duwatsu tana kacau-kacau, mace ɗaya ta ba da waƙa, sauran su amsa gaba ɗaya. Zumuntar Mata ke nan, ƙungiyar matan majami'u a Arewa. Mu da muke rubutu kan adabin Hausa mukan lissafa Narambaɗa da Shata da Barmani Coge, amma da wuya mu ambaci waɗannan mata, alhali kuwa sun daɗe suna ƙirƙirar waƙa da Hausa kowane mako, ba don kuɗi ba, ba kuma don wani sarki ya yi musu kyauta ba.

Labarin ya soma da zuwan 'yan mishan. Mutanen farko na SIM sun sauka a Legas a 1893. Karl Kumm ya kawo SUM zuwa Wase a 1904, sannan a 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida. Daga waɗannan ne ECWA da COCIN da EYN suka fito. Inda suka sami karɓuwa kuwa ƙasa ce mai harsuna barkatai: Birom, Angas, Tarok, Bajju, Tangale, Bura, Margi, Kamwe da sauransu. Fassara komai zuwa kowane harshe ya fi ƙarfinsu, sai suka jingina da Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aka kuma tattara waƙoƙin sujada a cikin Littafin Waƙoƙi.

A nan gizo yake saƙa. Yawancin waƙoƙin littafin fassara ne daga Turanci, an ɗora su a kan karin Turawa. Ita kuwa Hausa harshe ce mai karin sauti da dogon wasali da gajere. Idan kiɗan ya hau a inda kalma take sauka, ko ya ja wasalin da ya kamata a taƙaita, sai kalmar ta karkace a kunne. Ga shi da yawa cikin 'yan mishan na farko ba sa son ganga a majami'a, don suna ganin ta tsafi ce. Aka yi ta rerawa a tsaye ƙiƙam, kamar wanda aka ba aron riga.

Matan ne suka gyara wannan, ba tare da wani ya kira taro a kai ba. Suka ɗauko tsarin da suka sani tun daga wajen daka da niƙa da dandali, wato mai bayarwa da 'yan amshi. Suka ɗauko tulun da ke tsakar gida, ana buga bakinsa da soso, suka haɗa da gora da kuge. Sai su ɗauki labarin Ayuba ko na Rut, ko gargaɗi ga miji mashayi, su zuba shi a karin da ke bin kalma maimakon ya murɗe ta. Wadda ba ta iya karatu ba tana jin amshi sau biyu ta riƙe. A farkon shekarun 1960 aka soma yunƙurin Sabon Rai Don Kowa a Jos, ƙungiyoyin waƙarsa ma suka bi irin wannan salo. (Matasa masu rera waƙa da murya huɗu su ake kira 'yan kwaya. A kula da rubutun, don ƙugiya ɗaya ce tsakaninsu da 'yan ƙwaya.)

Mun fi jin nauyin godiyar idan muka duba abin da waƙar take riƙe da shi. Matan da suke haɗuwa gwaji a tsakiyar mako su ne dai suke tara gudummawa, su je gaida marar lafiya, su yi wa mai jego girki, su raka amarya da waƙar nasiha, su kwana a gidan makoki. Zanen ankon da suke ɗaurawa yana daidaita matar babban ma'aikaci da mai sayar da itace, aƙalla na awa biyu. Kuma macen Tarok da ta auro Kaduna, ba ta san kowa ba, tana shiga sahu ta tarar da amshin da ta sani. Ta wannan hanya Hausa ta shiga gidajen da ba ta taɓa zama harshen uwa ba. Akwai masu ƙorafin cewa hakan ya danne ƙananan harsuna, kuma ba mu ganin ƙorafin banza ne, ko da yake ƙungiyoyi da dama suna gwama waƙar Hausa da ta harshen garinsu.

Shekarar 2014 ta gwada ƙarfin wannan zumunci. A watan Afrilu aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN ne. A ƙarshen Oktoba Boko Haram ta mamaye Mubi da hedkwatar EYN da ke Kwarhi, shugabannin suka koma Jos. Musulmi da Kirista duk sun gudu a hanya ɗaya. A wuraren da 'yan gudun hijira suka sauka, matan zumunta suka sake haɗa kansu suka ci gaba da rerawa. A 2015 ƙungiyar mawaƙan matan EYN ta zagaya Amurka, ta tsaya gaban babban taron 'yan'uwansu a Tampa cikin watan Yuli, ta yi waƙa da Hausa, ta gode wa waɗanda suka aiko da taimako. Mutanen da aka kora daga gidajensu ne suka tafi da waƙar godiya.

Abin da ke damun mu shi ne yawancin waɗannan waƙoƙi ba a san mai su ba. Wata ta tsara a ƙauyenta, aka ji a taron gunduma, wasu suka ɗauka suka sauya baiti, bayan shekara biyu an manta daga inda ta fito. Na da suna cikin littattafan rubutu na 'yan makaranta da ke hannun magatakardan zumunta, da kaset-kaset da suka fara cinyewa. Na yanzu suna yawo a WhatsApp, ba suna, ba kwanan wata. Tsofaffin da za su iya cewa wance ce ta fara rera kaza, a gari kaza, suna nan a sahun gaba ranar Lahadi, kuma kowace shekara sahun yana raguwa.