Jaridar da ta fito sau ɗaya: cocin Mormon da waɗanda suka fita daga cikinsa

Wani mai karatu daga Bagudo, ɗan kasuwa da ke bi ta Tsamiya ya ƙetara Segbana har ya gangara Kwatano, ya aiko mana da tambaya. Ya ce a can yakan ga samari bibbiyu, farar riga da baƙin wando, kowanne da ɗan allon suna a ƙirji, suna bi gida-gida da littafi a hannu. An ce masa 'yan Mormon ne. Da ya bincika sai ya tarar da ɓangare biyu: waɗanda suka fita daga cocin suna cewa sun zo tona asiri, na ciki kuma suna cewa duk sharri ne na masu ɗacin rai. Ya ce, "Malam, wa za a gaskata?"

Hukunci kan aƙida ba na wannan fili ba ne. Musulmi ya san inda annabta ta tsaya, manyan cocin Kirista ma ba su karɓi Joseph Smith a matsayin annabi ba. Amma tambayar wa ya faɗi gaskiya a kan abin da ya auku, wannan ta tarihi ce, kuma tana da amsa.

Smith ya fitar da Littafin Mormon a jihar Niyok ta Amurka a 1830, ya ce mala'ika ne ya nuna masa wasu alluna na zinariya shi kuma ya fassara su. A ranar 6 ga Afrilun shekarar ya kafa cocin da a yau ake kira Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Ba a jima ba rigima da tsofaffin 'ya'yan cocin ta kunno kai. An kori wani Philastus Hurlbut a 1833 bisa zargin lalata, shi kuwa ya bi garuruwa yana tara shaidar tsofaffin maƙwabtan Smith. Shi ya yaɗa cewa an sato littafin ne daga wani ƙagaggen labari na Solomon Spalding, wanda ya mutu tun 1816. Eber Howe ya buga waɗannan shaidu a 1834. An yi shekara hamsin ana yayata zargin, sai ga rubutun Spalding ya ɓulla a Honolulu a 1884. Aka gwada, aka ga bai yi kama da Littafin Mormon ba. A wannan karon masu kare cocin ne da gaskiya, har Fawn Brodie, wadda aka kora daga cocin saboda littafin da ta rubuta kan Smith a 1945, ta yi watsi da zargin.

Suna da wata hujjar da suke ji da ita. Mutum uku da suka sa hannu cewa sun ga allunan, Oliver Cowdery da David Whitmer da Martin Harris, duk sun ɓata da Smith sun bar cocin tsakanin 1837 da 1838, amma babu wanda ya janye shaidarsa. Biyu sun dawo daga baya. Whitmer bai dawo ba har ya mutu a 1888, yana sukar Smith yana kuma riƙe da maganarsa. Mai adalci ba zai tsallake wannan ba, ko da bai yarda da allunan ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne garin Nauvoo, a bakin kogin Mississippi cikin jihar Illinois, a shekarar 1844, zamanin da Halilu ɗan Abdullahi ke sarautar Gwandu. Mormon sun iso wurin ne a 1839 a matsayin 'yan gudun hijira. A jihar Missouri an farfasa musu maɗaba'a a 1833, gwamna Lilburn Boggs ya ba da umarnin a kore su ko a hallaka su a Oktoban 1838, kwana uku bayan haka aka kashe musu mutum 17 a Haun's Mill. Daga cikin takardun da suka rura wannan wuta akwai rantsuwar Thomas Marsh, babban jigo da ya juya musu baya. Saboda haka a Nauvoo suka yi damara: gwamnatin jiha ta ba su takardar izinin mulkin gari mai faɗin iko, suka kafa rundunarsu. Smith shi ne shugaban coci, shi ne magajin gari, shi ne janar na runduna, ga shi kuma ya tsaya takarar shugabancin Amurka a wannan shekara.

William Law ba baƙo ba ne a wannan gida. Haifaffen Ailan ne da ya zo ta Kanada, mai dukiya da mutunci, kuma tun 1841 yana cikin mutum uku da ke saman cocin. Abin da ya raba su shi ne wani wahayi da Smith ya sa aka rubuta a ranar 12 ga Yulin 1843, wanda ya halatta auren mata da yawa. Bahaushe zai ce, to mene ne abin tada jijiyar wuya? A Illinois laifi ne a doka, littattafan cocin na lokacin sun ce mace ɗaya, kuma abin a ɓoye ake yinsa, babu iyaka ta huɗu, babu sanarwa, wani lokaci uwargidan Smith, Emma, ma ba ta sani ba. Law ya roƙi Smith ya janye, ya ƙi. A Janairun 1844 aka sauke shi daga muƙaminsa. A ranar 18 ga Afrilu aka kore shi da matarsa Jane da ɗan'uwansa Wilson, a wani zama da ba a kira su su kare kansu ba. A ranar 26 ga Mayu Smith ya tsaya gaban jama'a ya musanta cewa yana da mace fiye da ɗaya.

Law da abokansa shida suka sayo injin buga jarida. Ranar Juma'a 7 ga Yuni, Nauvoo Expositor ta fito, shafi huɗu. Wanda ya karanta ta zai ga masu ita ba su fita daga addinin ba a ganinsu, domin sun tabbatar da Littafin Mormon da koyarwar farko. Abin da suka ce shi ne Smith ya kauce: yana aure a ɓoye, yana koyar da cewa alloli suna da yawa, ya haɗe coci da mulki a hannu ɗaya. Suka nemi a soke takardar izinin garin. Harshen jaridar yana da zafi, akwai zagi da ƙari a ciki. Amma ƙashin bayanta takardun rantsuwa uku ne, na William Law, na Jane, da na Austin Cowles, ɗan majalisar ƙoli ta coci a garin, wanda ya rantse cewa Hyrum Smith, yayan Joseph, ya karanta musu wahayin a zaman majalisa.

Majalisar gari ta zauna ranar Asabar 8 ga wata, ta sake zama ranar Litinin 10 ga wata. Rubutaccen bayanin zaman yana nan, kuma shi ne babban shaida. An ɓata sa'o'i ana tona halin masu jaridar, an ce mazinata ne, an ce masu buga kuɗin jabu ne. Hyrum ya ce wahayin da ya karanta ya shafi mutanen zamanin da ne, bai shafi na yanzu ba. An ɗauko littafin shari'a na Blackstone na Ingila aka ce ya ba da damar kawar da abin da ke cutar da jama'a. Mutum ɗaya ne ya ja, Benjamin Warrington, wanda ba ɗan cocin ba ne, ya ce a ci su tara ya wadatar. Aka rinjaye shi. Da yamma shugaban 'yan dokan gari, John Greene, ya ja mutane suka shiga ofishin, suka jawo injin zuwa titi suka ragargaza shi, suka watsar da haruffan dalma a ƙasa, suka cinna wa sauran takardun wuta. Jaridar ba ta sake fitowa ba.

Abin da majalisar ta ce tana gudu, wato tashin hankali irin na Missouri, shi ya same ta. Thomas Sharp na jaridar Warsaw Signal ya kira mutane su ɗauki makami. Smith ya kafa dokar soja a ranar 18 ga wata, ya ƙetare kogi da nufin gudu, sannan ya dawo ya miƙa kansa a garin Carthage bisa alkawarin kariya daga gwamna Thomas Ford. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka tsare shi da Hyrum a gidan yari. Da la'asar ta ranar 27 ga Yuni, gungun mutane da suka shafa baƙi a fuska suka auka wa gidan yarin. Hyrum aka fara kashewa. Joseph ya harba ƙaramar bindigar da aka shigar masa da ita, ya nufi taga, aka harbe shi ya faɗo ƙasa. Shekararsa 38. An gurfanar da mutum biyar a 1845, har da Sharp, aka sallame su duka. Law ba ya cikinsu.

Riwaya biyu ake yi. Ta cocin ta daɗe tana cewa Law maci amana ne da ya ƙaga ƙarya don a zubar da jini, majalisar kuma ta yi abin da ya wajaba don kada Missouri ta maimaitu. Ta tsofaffin 'ya'yan cocin tana cewa Smith ya fasa injin ne don jaridar ta faɗi gaskiya. Tsoron mutanen Nauvoo na gaske ne, wanda ya binne 'yan'uwansa a Haun's Mill ba za a ce masa matsoraci ba. Kisan Carthage kuwa zalunci ne tsagwaronsa, babu laifin jarida ko na aure da zai halatta a kashe fursunan da ke hannun hukuma. Duk da haka, a kan tushen rigimar na fi karkata ga Law, kuma cocin da kansa ne ya ba ni hujja. A Agustan 1852 aka yi shelar wannan wahayi a fili a Salt Lake City, mai ɗauke da kwanan watan 1843. A 1965 Dallin Oaks, malamin shari'a wanda daga baya ya shiga sahun manyan shugabannin cocin, ya yi nazari ya ce dokar lokacin za ta iya ɗaukar hana jaridar, amma ba ta ba da izinin lalata injin ba. A 2014 cocin ya wallafa bayani a hukumance cewa an ɗaura wa Smith aure da mata tsakanin 30 da 40, wasunsu suna da mazajensu, ƙaramarsu, Helen Mar Kimball, tana da shekara 14. Masu kare shi suna cewa wasu auren na lahira ne kawai, babu zaman tare. Ko da haka ne, abin da Cowles ya rantse a kai ya tabbata, abin da aka musanta a watan Mayu ya kasance.

Kada kuma a ɗauka duk mai fita yana neman ɓata suna ko ta halin ƙaƙa. Jerald Tanner da matarsa Sandra, wadda ta fito daga zuriyar Brigham Young, magajin Smith, sun ƙarar da rayuwarsu suna sukar cocin. A 1984 wani dillalin tsofaffin takardu, Mark Hofmann, ya sayar da wata wasiƙa kan dala 40,000, wai ta Martin Harris ce, tana cewa wani farin ƙadangaren ruwa ne ya bayyana ga Smith maimakon mala'ika. Masu kare cocin suka shiga neman tawili. Jerald, wanda wasiƙar ta fi yi wa amfani, shi ya fara cewa jabu ce, don ya ga kalmominta sun yi kama da na littafin Howe na 1834. A ranar 15 ga Oktoban 1985 Hofmann ya kashe mutum biyu da bam don rufe asirinsa, a 1987 ya amsa laifinsa.

Nijeriya ta ɗanɗani nata rabon. Tun zamanin Brigham Young cocin ya hana baƙar fata muƙamin limanci, ko da yake an naɗa wani baƙar fata, Elijah Abel, a 1836 Smith yana raye. Mutanen kudu maso gabas sun yi ta rubuta wasiƙu suna neman a zo, amma da labarin haramcin ya fito a jaridar Nigerian Outlook a 1963, gwamnati ta ƙi ba masu wa'azin izinin zama. An ɗage haramcin a Yunin 1978, aka yi wa wani ɗan Nijeriya, Anthony Obinna, baftisma a Nuwamba, aka buɗe haikali a Aba a 2005. A Disambar 2013 cocin ya barranta daga tsofaffin bayanan da ke cewa baƙar fata alamar la'ana ce, bayanan da masu kare shi suka yi shekaru suna kafa musu hujja.

Mu ma a ƙasar Hausa mun san wannan hali. Wani ya bar ɗariƙa, wani ya bar Izala, wani ya bar Shi'a, washegari sai a ji shi yana tona asiri, tsofaffin abokansa kuma suna cewa dama can munafuki ne. Sai mu rabu biyu, masu haɗiye duk abin da ya faɗa don ya taɓa zama ɗan gida, da masu toshe kunne don ya fita. Hurlbut ɗan gida ne, ya yaɗa abin da bai tabbata ba. Law ɗan gida ne, ya rantse a kan abin da ya gani. Abin da ya bambanta su shi ne takarda da shaidu da kwanan wata. Duk wanda ya zo maka da labarin gidan da ya bari, tambaye shi me ya gani da idonsa, wa ke wurin, ina rubutun. Duk wanda kuma ya tashi kare gidansa, ya amsa zargin da aka yi, ya bar tona halin mai zargi. Majalisar Nauvoo ta zaɓi fasa injin maimakon ba da amsa, kwana 17 bayan haka ta rasa shugabanta, kuma bayan shekara 170 magadanta suka tabbatar da babban abin da jaridar ta faɗa.