'Yan Gayyar Soɗin Edinbura

A watan Agustan 1947, shekara biyu kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu, birnin Edinbura na ƙasar Sikotilan ya shirya gagarumin biki. Rudolf Bing, haifaffen Biyana da ya bar Jamus a zamanin Hitila ya koma Birtaniya, shi ya jagoranci shirin. Burinsa a tara manyan makaɗa da mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayon Turai wuri guda, ko jama'a sa sami sanyin zuciya bayan shekarun bama-bamai. Aka aika takardun gayyata, aka kama manyan zaurukan gari.

Sai ga ƙungiyoyi takwas sun iso babu wanda ya kira su, shida daga Sikotilan, biyu daga Ingila. Da suka tarar an cinye manyan dandamali, sai suka bazu neman ƙananan ɗakuna. Ƙungiyar Glasgow Unity, wadda ta tsiro daga cikin ma'aikata, ta nuna wasan Maxim Gorky na Rasha kan matalautan da ke kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wasu suka zo da wasan 'yar tsana. Wasu kuwa sai da suka haye ruwa zuwa tsohuwar majami'ar Dunfermline kafin su sami wurin tsayawa. Shekara na zagayowa, marubuci Robert Kemp ya ambaci wasannin da ake yi a gefen babban biki a rubutunsa na jarida, daga nan sunan Fringe, wato gefe, ya bi su.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi doka ɗaya ce. Kafin shekarun 1950 su ƙare, masu wasan suka kafa ƙungiyar da za ta riƙa buga jadawali da sayar da tikiti, suka kuma rubuta a tsarin mulkinta cewa ba ta da ikon tace wasan kowa. Babu kwamitin da zai ce wannan ya isa, wancan bai isa ba. In kana da labari, ka sami ɗakin da zai karɓe ka, to kana cikin biki. Wannan doka tana nan har gobe, kuma duk alherin da bikin ya haifar daga gare ta ya fito.

A 1963 aka buɗe gidan wasa na Traverse a wani tsohon gini da ke lungu kusa da titin Royal Mile, kujerunsa kusan 60, 'yan kallo suna zaune gefe biyu, 'yan wasa a tsakiya. A 1966 ɗaliban Jami'ar Oxford suka kawo wasan wani matashi da ba a san shi ba, Tom Stoppard, wanda ya ɗauko wasu ƙananan taurari biyu daga Hamlet na Shakespeare ya mai da su jaruman labari. 'Yan kallo ba su taka kara sun karya ba, amma Ronald Bryden na jaridar Observer ya gani ya yaba, kuma a 1967 wasan ya hau dandamalin gidan wasan ƙasa a Landan. Rowan Atkinson, wanda yaranmu suka sani da Mista Bin, a nan ya fara jan hankalin Birtaniya a 1976. Phoebe Waller-Bridge ta zo a 2013 ita kaɗai da kujera guda, ta yi Fleabag, bayan shekara uku ya zama shirin talabijin. Da ana tace masu shiga, wa ya san nawa daga cikinsu za a mayar gida tun daga bakin ƙofa?

Sai dai kada sunayen nan su ruɗe mu. Ga kowane mutum ɗaya da ya yi fice, akwai ɗaruruwan da suka yi wasansu suka koma gida shiru, kuma su ne ainihin bikin. Na tsaya a Royal Mile da hantsi ina kallonsu cikin yayyafi: yarinya sanye da kayan wasa, fuska sha da kwalliya, tana miƙa wa masu wucewa takardar talla tana faɗin lokaci da wuri, murya duk ta dishe. Ita ce marubuciya, ita ce jaruma, ita ce mai talla. In lokacinta ya yi, 'yan mintoci ake ba ta ta shigar da kayanta bayan masu wasan gabanta sun kwashe nasu. Ɗakin kan zama ajin jami'a, ko bayan mashaya, ko ƙarƙashin gada inda bango ke tsattsafo da ruwa. Awa guda gare ta. Wata rana mutum huɗu ne a gabanta, ta kuma yi musu wasa da dukkan ƙarfinta, domin suna kusa da ita har suna jin numfashinta. Wannan kusanci babu shi a babban zaure, kuma shi ne abin da nake ƙauna a ƙaramin wasa.

Girma ya zo da nasa nauyin. A 1973 jaridar Scotsman ta fara ba da kyautar Fringe First ga sababbin rubuce-rubuce. A 1981 aka ƙirƙiro kyautar Perrier ta barkwanci, ɗaliban Cambridge da suka haɗa da Emma Thompson da Stephen Fry da Hugh Laurie suka fara lashe ta. A shekarar ce kuma aka buɗe Assembly, sai Pleasance da Gilded Balloon suka biyo baya, manyan kamfanoni masu ɗakuna da yawa a ƙarƙashin inuwa guda. Zuwa 2019 wasanni sun haura 3,800, tikitin da aka fitar ya zarce miliyan 3, a garin da mazaunansa ba su wuce kusan rabin miliyan ba. Baƙon ya fi babban bikin da ya tarar girma nesa ba kusa ba.

A nan damuwata take. Kwamiti ba ya hana kowa shiga, amma aljihu yana hanawa. Ɗan wasa zai biya kuɗin rajista, ya biya hayar ɗaki, ya buga takardun talla, sannan ya nemi makwanci na sati uku a garin da haya ke tashin gwauron zabo duk Agusta. Da yawa da bashi suke komawa. Tun 1996 Peter Buckley Hill ya ga inda aka dosa, ya fara tsarin Free Fringe: ɗan wasa ba ya biyan hayar ɗaki, ɗan kallo ba ya sayen tikiti, in an tashi mai wasa ya tsaya a ƙofa da bokiti kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Dabarar ta ceci mutane da yawa, amma ba ta biya musu kuɗin kwana.

Annobar korona ta sa an soke bikin a 2020, karo na farko a tarihinsa. Ya dawo, titunan sun sake cika. Ni dai ba da yawan tikiti nake auna lafiyarsa ba. Ina auna ta da ko ɗan direban bas daga Gilasgo, ko ƙungiyar matasa daga Afirka da ta sha wahalar biza, za su iya zuwa su yi sati uku su koma ba tare da sun karye ba. Hukumar birnin da jami'o'in da ke da ɗakunan kwanan ɗalibai da masu manyan wuraren wasa duk suna cin moriyar Agusta, don haka samar wa 'yan wasa makwanci mai sauƙi haƙƙi ne a wuyansu.