Ruwan Bagaja a Ɗakin Karatu

A shekarar 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya shirya gasar ƙagaggun labarai, domin abin karantawa a rubutun boko ya yi wa ɗalibai ƙaranci, akasarinsa kuma fassara ce. Abubakar Imam, matashin malami a Midil ta Katsina, ya shiga da Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934. Tun asali dai don makaranta aka nemo shi. Daga baya jarrabawa ta sa ɗalibai haddace zantukansa, har wani ya riƙa kafa hujja da kalaman Malam Zurƙe tamkar nasihar dattijo, alhali makirci yake ƙulla wa Alhaji Imam, wanda shi ma ba kanwar lasa ba ne.