Wasan Yaƙi na Mutum-mutumai da Tarihin Zaɓen Runduna

Wasan yaƙi na mutum-mutumai wani nau'i ne na wasannin tunani da tadbiri, wanda mutum biyu ko fiye ke yi a bisa babban tebur da aka shirya shi da siffar filin daga, da tuddai da ƙoramu da ganuwa da kurmi na kwaikwayo, kowane ɗayansu yana jan rundunar ƙananan mayaƙa da aka ƙera da dalma ko kuza ko roba, waɗanda tsawon mafi yawansu ke tsakanin milimita 15 da 30. Ana auna tafiyar mayaƙan da ma'auni, ana kuma yanke hukuncin sara da suka da harbi ta hanyar jefa ɗan lido mai fuska shida, bisa ga ƙa'idodin da aka wallafa a littafi. A wasan dara, wanda magidanta ke yi a kan rairayi a Diffa da Maine-Sorowa da sauran garuruwan kwarin Komadugu, mai tsinke da mai tsakuwa kowa 'ya'ya 12 gare shi a cikin gidaje 30, babu ɗan da ya fi wani daraja, saboda haka ba wanda ya damu da gefen da ya faɗo masa. A wannan wasa kuwa babu runduna biyu da suka yi daidai, kuma mai wasa shi ke sayen tasa da kuɗinsa, ya harhaɗa ta, ya shafa mata launi da hannunsa, ya zauna da ita shekara da shekaru. Wannan ne ya sa zaɓen runduna ya zama babi mai zaman kansa a wurin ma'abota wasan, ko da yake bai bayyana ba sai can kusa da ƙarshen tarihinsa.

Asali

Sassaƙa ƙananan mayaƙa daɗaɗɗen abu ne, domin a kabarin wani hakimi mai suna Mesehti a Asyut ta ƙasar Masar an sami runduna biyu na itace, ɗaya ta 'yan mashi 40 Misirawa, ɗaya ta 'yan baka 40 mutanen Nuba, waɗanda aka yi su wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Amma wasa mai ƙa'ida da ke kwaikwayon yaƙi, asalinsa da aka fi sani shi ne shaɗaranji, wanda ya ɓullo a ƙasar Hindu wajen ƙarni na 6 yana siffanta rukunan runduna huɗu, watau giwaye da dawaki da karusai da dakaru, sa'an nan ya shiga Farisa, daga can ya faɗa hannun Larabawa, har aka sami gwanaye irin su Al-Adli da As-Suli a fadar Abbasiyawa. A hannun Musulmi 'ya'yan shaɗaranji suka bar siffar mutum da dabba suka koma dunƙulallun alamomi, kuma ɓangarorin biyu ba su saɓa da juna ba sai a launi.

Zamanin ja da shuɗi

A shekarar 1780 wani malamin lissafi a fadar Baranshiwaig ta ƙasar Jamus, Johann Hellwig, ya faɗaɗa shaɗaranji zuwa allo mai gidaje 1,617, ya sa wa gidajen launuka da ke nuna dutse da ruwa da fadama, domin ya koyar da samarin fada dabarun yaƙi. Bayansa sai Georg Leopold von Reisswitz ya gabatar wa sarkin Furusiya wani tebur na wasa a 1812, ɗansa kuma, wanda yake hafsa ne na 'yan igwa, ya kammala aikin a 1824, inda ya yar da gidaje gaba ɗaya ya koma ga taswirar ƙasa ta gaskiya, ya sa ƙananan tubalan dalma a madadin bataliyoyi, ya kuma naɗa alƙali wanda shi kaɗai ke ganin motsin ɓangarorin biyu, yana faɗa wa kowa iyakar abin da idon sojansa zai iya hange. Shugaban manyan hafsoshi, Janar von Müffling, ya yaba da shi ƙwarai, aka umarci rundunoni su mallake shi, kuma bayan Furusiya ta rinjayi Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 sai sauran dauloli suka yi ta kwaikwayonsa. Tubalan ɓangare ɗaya ja ne, na ɗayan shuɗi, ba su da suna ba su da nasaba, domin abin da ake nufi da wasan shi ne a jarraba hankalin kwamanda.

A wannan zamani kuma sana'ar ƙera sojojin kuza don yara ta bunƙasa a birnin Nuremba, kafin wani kamfanin Landan mai suna Britains ya fito da dabarar zuba dalma mai rami a ciki a 1893, abin da ya sa suka yi sauƙi suka yi arha. Da irin waɗannan sojoji ne marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya tsara ƙa'idodin da ya wallafa a 1913 da sunan Little Wars, inda ake harba 'yar igwa mai tsirgagiya, duk wanda harsashin itace ya kayar ya mutu. Wells mutum ne mai ƙin yaƙi, yana ganin gwamma a kashe marmarinsa a ƙasan ɗaki da a kashe 'ya'yan mutane, amma shekara ɗaya bayan fitowar littafin Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke.

Bayyanar jerin runduna

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasan ya koma hannun manya masu sha'awar tarihi. Jack Scruby na Amurka ya soma ƙera musu ƙananan mayaƙa, ya kafa mujalla a 1957; Donald Featherstone na Ingila ya fitar da littafinsa War Games a 1962; aka kafa ƙungiyar masu wasan yaƙoƙin zamanin da a 1965 bisa jagorancin Tony Bath; sa'an nan Phil Barker da abokansa suka kafa Wargames Research Group a 1969. A nan ne wata mas'ala ta taso, domin idan wani ya tara Rumawa wani kuma ya tara Farisawa, alhali Rumawa ƙarfinsu na ga dakaru masu garkuwa, Farisawa kuma na ga barade da 'yan baka, ta yaya za a haɗa su a tebur ɗaya ba tare da an zalunci ɗaya ba? Warwarar da aka samu ita ce a yanka wa kowane irin mayaƙi maki gwargwadon amfaninsa, a ba kowane ɓangare adadi ɗaya ya kashe, a kuma rubuta jeri da ke iyakance abin da kowace al'umma ta halatta ta fito da shi bisa ga shaidar tarihi. Daga ranar da aka yi haka, adalci ya tashi daga daidaiton 'ya'ya ya koma daidaiton ƙima, kuma mai wasa ya sami damar ya zaɓi wadda ta dace da ɗabi'arsa. Ƙa'idodin De Bellis Antiquitatis, waɗanda suka fito a 1990, sun taƙaita kowace runduna a rukuni 12, amma jerin da ke cikin bugunsu na baya ya haura 300.

Rundunonin almara

A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, wanda a ƙarshensa suka ƙara fasali na dodanni da matsafa, kuma wannan fasali ne ya buɗe ƙofar rundunonin da ba su taɓa wanzuwa ba. Kamfanin Games Workshop, wanda John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson suka kafa a Landan a 1975, kuma hedkwatarsa ke birnin Notingam a yanzu, shi ya kai wannan al'amari matuƙa, da wasan Warhammer a 1983, da Warhammer 40,000 wanda Rick Priestley ya tsara a 1987. Tun daga bugu na biyu na Warhammer 40,000 a 1993 kowace runduna ta sami littafinta da ake kira Codex, mai ɗauke da ƙagaggen tarihinta da jarumanta da tutocinta da makin kowane mayaƙi. Akwai Space Marines, sadaukai masu sulke waɗanda suka fi kowa yawan mabiya. Akwai Orks, korayen 'yan tauri masu dogara ga yawa da kutse. Akwai Tyranids masu kama da farin ɗango. Akwai Necrons, matattu masu jikin ƙarfe. Akwai T'au, waɗanda aka shigo da su a 2001, gwanayen harbi daga nesa, raunana idan aka yi gaba da gaba. Hikimar ciniki da ke cikin wannan tsari a bayyane take, domin wanda ya ɗaura wa kansa runduna ya zama abokin cinikin kamfanin muddin yana raye a wasan.

Abubuwan da ake dubawa

Tsofaffin hannu sukan auna abu huɗu kafin su zaɓa. Na farko siffa da labari, saboda sa'o'in da mutum zai ɓata yana yanke gaɓoɓin roba, yana liƙa su da gam, yana bin su da siririn buroshi, sun ninka waɗanda zai yi yana wasa, kuma da wuya ya jure wa fentin abin da ransa bai so ba. Na biyu salon faɗa, ko na kutsawa, ko na harbi, ko na sauri da zagaye, ko na tsayuwa a kafe. Na uku ɗawainiya, domin a babban wasa na maki 2,000 rundunar zaɓaɓɓun sadaukai na iya cika da 'yan ashirin ko talatin, alhali mai dogara ga yawa sai ya tanadi fiye da ɗari. Na huɗu abokan wasa, tun da runduna ba ta da amfani a garin da babu mai karawa da ita. Ƙarfin runduna a ƙa'ida kuwa shi ne mafi rauni daga cikin hujjoji, domin ana sake bugu duk bayan 'yan shekaru, har Warhammer 40,000 ya kai bugu na goma a 2023, kuma wadda ta yi zarra bana takan koma baya baɗi. Hasali ma a 2015 kamfanin ya rufe tsohuwar duniyar Warhammer ya maye gurbinta da Age of Sigmar, ba da jimawa ba aka daina ƙera rundunonin Bretonnia da Tomb Kings, ma'abotansu suka zauna da su a akwati har aka dawo da su a 2024.

Rundunonin Barno da ƙasar Hausa

Masu wasan tarihi ba su bar ƙasashen nan a baya ba, domin a cikin jerin De Bellis Antiquitatis akwai na Sudan ta Yamma, akwai kuma na Abzinawa, kuma wanda ya so tara rundunar kwarin Komadugu yana da madogara ingantacciya. Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15 kusa da wannan kogi, shi ne ya zama fadar Barno har mayaƙan jihadi suka ci shi a 1808, kuma Imam Ahmad ibn Furtu ya rubuta yaƙoƙin Mai Idris Alauma, ya ambaci 'yan bindiga da Turkawa suka horar, da barade, da sansanonin da ake kewayewa. Bature Dixon Denham, wanda ya isa Kukawa a 1823 zamanin Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi, ya ga barade sanye da sulke, kuma littafin tafiyarsa na 1826 na ɗauke da zanen ɗan mashi Bakanembe da ɗan baka na Manga da mahayi mai lifidi na Bagarmi, zane-zanen da suka isa su shiryar da maƙeri da mai fenti.

Waɗannan rundunoni sun saɓa da juna saɓani irin wanda wasan ke bukata. 'Yan lifida, da dawakinsu da aka lulluɓe da auduga, ba a tare su idan sun zabura a fili, amma suna da nauyi, suna saurin gajiya a zafin rana. 'Yan baka masu kibiya mai dafi suna da arha, kuma a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na 1804 su ne suka karya dawakin Gobir na Sarki Yunfa, alhali jama'ar Shehu Usman ɗan Fodiyo, a ƙarƙashin Malam Abdullahi, ba su da dawaki sai kaɗan. Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun ta shahara da bindigogi da igwa da ake zubawa a birninta. Rabeh kuwa, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa har aka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900, ya tsara 'yan bindigarsa tuta-tuta, kowace da shugabanta, tsari mai sauƙin mayarwa rukunai a kan tebur.

Hukuncin malamai

Mai karatu Musulmi zai so sanin matsayin fuƙaha'u, kuma maganarsu ta kasu biyu. Ta fuskar wasa, Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ilimi daga Sakkwato har Barno, ta hana wasan nardi da shaɗaranji, alhali a mazhabar Shafi'i shaɗaranji makaruhi ne matuƙar babu caca a ciki kuma bai shagaltar da mutum ga barin salla ba. Nardi kuwa, da yake jefa ƙashi ne ginshiƙinsa, an fi tsananta masa. Ta fuskar sura, Malikawa sun haramta siffar mai rai idan cikakkiya ce mai inuwa, suka yi rangwame ga 'yar tsanar yara, bisa ga hadisan Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ciki har da wanda Abu Dawuda ya ruwaito game da dokinta mai fukafukai. Wanda ya bi ƙauli mai tsanani yana iya komawa ga hanyar Reisswitz, ya yi wasa da tubalai da tutoci a kan taswira, domin jerin runduna da lissafin maki ba su rataya ga sura ba. Mas'alar ɗan lido kuma ta rage gare shi ya kai ta gaban malaminsa.