Wild Coast: Yadda Masunta da Mutanen Ƙauye Suka Dakatar da Shell Daga Neman Mai a Tekun Afirka ta Kudu

Wild Coast sunan wani yanki ne na gaɓar teku a lardin Eastern Cape na ƙasar Afirka ta Kudu, inda al'ummar Mpondo da sauran masu jin yaren Xhosa suke zaune. Galibinsu masunta ne da manoma da makiyaya. Sunan wurin ya fito duniya ne a ƙarshen shekarar 2021, lokacin da mutanensa suka kai kamfanin Shell kotu a kan binciken mai a cikin teku, kuma suka yi nasara. Abin da ya ba su nasarar shi ne tambaya ɗaya: wa aka tuntuɓa kafin a ba da lasisi, kuma da wane yare?

Mene ne binciken da ake magana a kai?

Kafin kamfani ya haƙa rijiyar mai a teku, sai ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa tukuna. Hanyar da ake bi ita ce ta amfani da ƙara. Jirgin ruwa yana jan wasu bututu da ake kira bindigogin iska, waɗanda suke sakin matsattsiyar iska cikin ruwa da ƙarfin gaske. Ƙarar tana ratsa ruwa, ta shiga duwatsun ƙasan teku, sannan ta dawo. A bayan jirgin kuma akwai dogayen igiyoyi masu tsawon kilomita da dama, ɗauke da na'urorin da ke ɗaukar amon. Daga nan kwamfuta za ta fitar da taswirar inda ake sa ran mai ko gas ya kwanta. Wato kamar hoton ciki ne da ake yi wa mai juna biyu a asibiti, sai dai wannan ƙararsa tana haura desibel 200, ana harbawa kusan kowane daƙiƙa 10, dare da rana, har tsawon watanni.

Matsalar ita ce halittun teku da ji suke rayuwa. Manyan dabbobin ruwa irin su wel da dolfin da sauti suke neman abinci, da shi suke kiran juna. Wani bincike da aka yi a tekun Barents na ƙasar Norway, wanda aka wallafa a 1996, ya nuna kamun wasu nau'o'in kifi ya ragu da kusan rabi lokacin da ake harba bindigogin. Wani kuma da aka yi a Ostireliya a 2017 ya gano ƙarar tana kashe ƙananan halittun da kifi ke ci har nisan fiye da kilomita ɗaya. To ka ga ga masunci, wannan maganar tukunyar gidansa ce.

Yadda rigimar ta faro

A 2014 gwamnatin Afirka ta Kudu ta ba kamfanin Impact Africa lasisin neman mai a wannan yanki. An sabunta lasisin sau biyu, kuma a 2021 Shell ya shigo da kashi 50 cikin 100. Shell ya sanar cewa daga watan Disamba na shekarar, wani jirgi mai suna Amazon Warrior zai binciki faɗin teku na kusan murabba'in kilomita 6,000, tsakanin Morgan Bay da Port St Johns.

Yankin kuwa ba ƙaramin wuri ba ne a harkar kifi. Ta nan ne tarin kifin sadin ke wucewa duk shekara tsakanin Mayu da Yuli, kuma hanya ce ta kifin wel idan suna ƙaura. Jin sanarwar ke da wuya mutane suka fito zanga-zanga a bakin teku a garuruwa da dama, wasu suka ƙaurace wa gidajen man Shell.

Shell ya kare kansa da cewa aikin zai gudana ne nisan aƙalla kilomita 20 daga gaɓa, akwai masu sa ido a jirgin da za su tsayar da harbi idan dabba ta matso, kuma an daɗe ana irin wannan bincike a duniya. Ministan ma'adinai da makamashi na lokacin, Gwede Mantashe, ya goyi bayan kamfanin, har ya zargi masu adawa da toshe wa ƙasar hanyar ci gaba.

Shari'o'in da aka yi

Ƙarar farko ƙungiyoyin kare muhalli da na masu kamun kifi na nishaɗi ne suka shigar. A ranar 3 ga Disamba 2021 kotu ta kore ta, tana cewa ba su tabbatar za a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa ba. Jirgi ya fara aiki.

Ƙara ta biyu kuwa ta mutanen ƙauyukan ce da kansu: masunta, da jama'ar Amadiba da Dwesa-Cwebe, tare da ƙungiyar Sustaining the Wild Coast. A ranar 28 ga Disamba 2021, mai shari'a Gerald Bloem na babbar kotun Makhanda ya umarci Shell ya dakata nan take. Cikin watan Janairun 2022 jirgin ya bar yankin.

A ranar 1 ga Satumba 2022, alƙalai uku ƙarƙashin Selby Mbenenge suka soke lasisin gaba ɗaya. Ga manyan dalilansu. Na ɗaya, sanarwar neman jin ra'ayin jama'a an buga ta ne a jaridu da Turanci da yaren Afrikaans, alhali mutanen wurin Xhosa suke ji, kuma jaridun ba sa kaiwa ƙauyukansu. Na biyu, an zauna da sarakuna aka ɗauka an gama da kowa. Kotu ta ce ganin sarki daban, tuntuɓar talakawansa daban. Na uku, gwamnati ba ta duba abincin masunta da al'adun mutanen ba, domin a wurinsu teku waje ne mai tsarki da suke danganta shi da kakanninsu. Na huɗu, ba a yi la'akari da sauyin yanayi ba, kuma alƙawarin ayyukan yi da kamfanonin suka yi ba su kawo bayanin yadda zai tabbata ba.

Shell da gwamnati suka ɗaukaka ƙara. A watan Yunin 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta amince an ba da lasisin ba bisa ƙa'ida ba, amma ta jingine sokewar, ta bar wa kamfanin ƙofar neman sabuntawa muddin aka sake tuntuɓar jama'a. Mutanen yankin ba su gamsu ba, suka wuce kotun tsarin mulki, wadda ita ce mafi girma a ƙasar. A shekarar ta 2024 ne biyu daga cikin jagororin fafutukar, Nonhle Mbuthuma da Sinegugu Zukulu, suka karɓi kyautar Goldman ta kare muhalli.

Ina ruwan mazauna kudancin Najeriya?

Wanda ke zaune a Fatakwal, Warri ko Yenagoa ya san mai a teku ba baƙon abu ba ne. A watan Disambar 2011, ɗanyen mai kimanin ganga 40,000 ya malala daga filin Bonga na Shell, mai nisan kusan kilomita 120 daga gaɓa. Wasu mazauna yankin Neja Delta sun kai ƙara Ingila, amma a watan Mayun 2023 kotun ƙolin ƙasar ta ce sun makara, lokacin shigar da ƙarar ya wuce. Bambancin a fili yake: mutanen Bonga diyya suka nema bayan ɓarna ta auku, su kuwa na Wild Coast sun tashi ne tun kafin a haƙa rijiya ko ɗaya. Rigakafi ya fi magani.

Idan kifi ya yi ƙaranci a creek da teku, ba masunci kaɗai ke ji a jikinsa ba. Mai sarin busasshen kifi da kirafish zuwa Arewa, da ɗan dako, da direban tirela, duk sai abin ya taɓa su. Sannan hukuncin Makhanda ya taɓo wani abu da 'yan kasuwarmu suka sani sarai: sau da yawa idan za a tayar da kara ko kasuwa, sai a kira shugabanni su kaɗai a ofis, a fito a ce an yi shawara da al'umma. Dokar Afirka ta Kudu ba ta aiki a Najeriya, wannan gaskiya ne, amma mu ma muna da dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda ta tanadi a baje rahoton babban aiki jama'a su gani su yi magana. Don haka duk wanda aka ce masa an riga an tuntuɓi jama'a, yana da damar ya tambaya: yaushe, a ina, da wane yare, kuma su wa suka halarta?