Daga Keso 3 Zuwa Naira 70,000: Tarihin Abin Da Ke Isar Gida A Ƙasar Dutse

 

Kwanakin baya ina zaune a wata majalisa a Limawa bayan sallar isha'i, sai wani saurayi da ke shirin aure ya jefo tambaya: nawa ya kamata mutum ya riƙa samu a wata kafin ya riƙe gida cikin kwanciyar hankali? Nan take majalisa ta kaure. Wannan ya faɗi nasa adadin, wancan ya ce ko cefane ba zai yi ba. Wani dattijo da ke gefe bai tanka ba sai da hayaniya ta lafa, sannan ya ce, "Ku wata kuke ƙirgawa, mu shekara muke ƙirgawa. A zamaninmu ba a tambayar magidanci nawa yake samu, sai dai a ce dami nawa ya ɗaure bana."

Wannan magana ce ta sa na koma baya in bi sawun tambayar. Abin da na gano shi ne, a cikin shekara 170 da 'yan kai ma'aunin wadatar gida a ƙasar nan ya sauya har sau uku, kuma kowane sauyi ya zo da irin tasa fargabar.

Mu fara da zamanin wuri. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Asalinsa daga tsibiran Maldibs ne, can cikin tekun Indiya. Ana ƙirga shi da zambar, wato dubu, kuma wuri 20,000 shi ne keso guda. Dutse a lokacin tana cikin harkar Kano tsundum, har ma tarihin ya ambaci yaƙin da Sarkin Kano Kumbari ya yi da Ada na Dutse. Bayan jihadi ma Dutse ta ci gaba da zama ƙarƙashin masarautar Kano, saboda haka farashin kasuwar Kurmi ya shafe ta.

A watan Fabrairu na 1851 wani Bajamushe mai yawon buɗe ido da bincike, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Kano zamanin Sarki Usman. Ya bar mana tsohuwar amsa da aka rubuta da lamba kan tambayar saurayin nan. A ƙiyasinsa, wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara sun ishi iyali guda su zauna cikin sauƙi, har da tufafinsu. Wato keso 3 ke nan, ko ƙasa da haka kaɗan. Idan aka raba shi a kan kwanakin shekara, ya kama wuri 137 zuwa 164 a rana. Ya kuma ce kuɗin ƙasa da magidanci ke biya wuri 2,500 ne, wato kusan kashi 1 cikin 20 na abin da gidan ke bukata.

Sai dai kada mu ɗauki wannan adadi tamkar saukakke. Barth baƙo ne, kuma a birni ya zauna. Sannan wani ɓangare na arahar da ya gani ya ta'allaƙa ne a kan gumin bayi da ke noma a rinji ba tare da lada ba. Wurin kansa ma bai tsaya a darajarsa ba. Tun daga wajejen tsakiyar ƙarnin, 'yan kasuwar Turai suka riƙa jibgo wani nau'in wuri mai araha daga yankin Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, har ya cika kasuwa, darajarsa ta zube. Wanda ya binne keso 3 a tukunya zamanin Sarki Usman, jikansa da ya tono su a ƙarshen ƙarni bai tarar da abincin shekara ba. Ashe hauhawar farashi ba a kan naira ta fara ba.

Shi ya sa mutumin ƙauye bai yarda da kuɗi a matsayin ma'auni ba. Ma'auninsa rumbu ne. Gida yana tafiya a kan tsarin gandu: uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa, suna noma gona guda, suna ci daga tukunya guda, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa ta biyan ƙananan bukatu. Maigida ne ke da nauyin ci da sha, da haraji, da yi wa samari aure. Gidan da hatsinsa ya kai shi daga kaka zuwa wata kakar, ya ci ya ajiye iri, shi ne gidan da asirinsa ya rufu. Wanda rumbunsa ya ƙare tun bazara, sai maza su tafi ci-rani don a rage bakuna, ko kuma da damina ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani, abin da zai sa baɗi ma ya sake samun kaɗan.

Malamanmu na Malikiyya ma da shekara suka auna. A wajensu faƙiri shi ne wanda abin da ya mallaka ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa shi ne wanda bai da komai. Nisabin zakkar hatsi ausuƙi 5 ne, wato sa'i 300. Manomin da ya fitar da zakka ya san ya haye wani mataki, kuma maƙwabtansa sun shaida.

Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kuma wallafa sakamakon aikinta a 1972. Da ta so ta raba gidajen garin bisa ƙarfi, ba ta tambayi kuɗin shiga ba. Ta sa mutanen garin da suka san kowa su jera gidajen bisa yadda za su iya jure shekarar da amfanin gona ya yi ƙaranci ko ya makara. Rukuni 4 suka fito: masu taimakon wasu a irin wannan lokaci, da waɗanda ba sa jigata, da masu ɗan jigata, da waɗanda yunwa ke kamawa sosai. Ku lura da na sama. Ba a ce mai tarin dukiya ba, an ce wanda ya ƙoshi har ya miƙa wa wani. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Sauyi na biyu ya zo da Turawa. Sun ci Kano a Fabrairun 1903, sannu a hankali suka ture wuri, suka kawo fam da sule da sisi da taro da kwabo da anini. Babban abin da ya canza shi ne haraji ya koma sai da kuɗin Bature, kuma ana karɓarsa da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin. Lissafin magidanci ya rabu biyu: gero da dawa na ciki, gyaɗa ta haraji da tufafi da aure. Wanda ya karkata ga gyaɗa ya rage gonar hatsi, in damina ta yi gardama sai ya rasa tudun dafawa. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a wurare da dama na ƙasar Hausa ake kira Kakalaba, ta zo ne a daidai farkon wannan sauyi, ta kuma hallaka jama'a masu yawa.

Wannan zamani ya ɗore kimanin shekara 60. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, su suka rushe dalar gyaɗar Kano. Shi kuwa haraji da jangali, gwamnatin Abubakar Rimi ce ta soke su bayan ta hau mulki a 1979, lokacin Dutse tana cikin tsohuwar Jihar Kano.

Kafin nan sauyi na uku ya riga ya kankama. A ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, kowane fam guda naira 2. Kuɗin man fetur suka shigo, sai ƙarin albashin Udoji na 1974 ya cika aljihun ma'aikata da ariyas, aka sayi babura da rediyo, farashin kaya ya tashi wa kowa, har da manomin da bai ga kwabo daga ciki ba. Daga nan "mai albashi" ya zama abin kwatance, ma'auni ya tashi daga shekara ya koma wata.

Ga jerin mafi ƙarancin albashi na ƙasa: naira 125 a 1981 zamanin Shehu Shagari, naira 5,500 a 2000, naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024. A ido kamar ci gaba ne, lambar ta ninka sau 560. Amma naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dala 200 ta Amurka, alhali naira 70,000 ta 2024 ba ta cika dala 50 ba, kuma a kasuwanni da dama ba ta sayen buhun shinkafa guda a wannan shekarar. Tsakanin shekarun biyu akwai shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da ya karya naira, da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023. Labarin keson nan da aka binne ne ya maimaita kansa.

A Dutse wannan sauyi ya zo da ƙarfi tun daga ranar 27 ga Agusta 1991, da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa aka mai da garin babban birni. Ma'aikata suka kwararo, gonakin gefen gari suka fara komawa filayen gini, musamman bayan gine-ginen zamanin Sule Lamido da buɗe Jami'ar Tarayya a 2011. Magidanci a Limawa yanzu yana biyan abubuwan da kakansa bai san da su ba: kuɗin makaranta, wuta, kati, man babur, magani, wani har da haya. Gandu kuma ya watse a gidaje da yawa, nauyin da mutum 5 ke ɗauka ya koma kan mutum guda.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta taɓa sa wa abin lamba. A rahotonta na 2019 ta ce duk wanda abin da yake kashewa bai kai naira 137,430 a shekara ba yana cikin talauci, wato kimanin naira 376 a rana. Da wannan ma'auni kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya ne suka faɗa ciki, a Jigawa kuwa kashi 87. Mu yi lissafi: gida mai mutum 7 yana bukatar naira 962,010 a shekara, sama da 80,000 a wata, a shekarar da mafi ƙarancin albashi yake 30,000. Wannan kuma layin tsira ne kawai, ba na jin daɗi ba. To da me jama'a suka cike gibin? Da abin da suka gada: 'yar gona, kiwon tumaki da awaki, sana'ar mata ta cikin gida, adashi, gudummawar biki, da ɗan'uwan da ke aiko da wani abu daga Kano ko Legas.

Saura maganar farin ciki. A Amurka, a 2010, Daniel Kahneman da Angus Deaton sun ce jin daɗin yau da kullum yana ƙaruwa da ƙaruwar kuɗi har zuwa dala 75,000 a shekara, daga nan ya tsaya. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ga yawancin mutane bai tsaya a nan ba. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne, kuɗi sun fi yin tasiri a wajen wanda ke ƙasa. Bahaushe ya riga ya raba abin gida biyu: rufin asiri da wadatar zuci. Na farko yana da farashi, na biyu ba a saye. Amma zalunci ne a yi wa wanda bai samu na farko ba wa'azin na biyu, alhali yaransa sun kwana ba su ci ba.

To me za mu ce wa saurayin majalisa? Tarihi bai ba shi lamba ba, domin kowace lamba ta lalace a hannun masu ita: keso 3, naira 125, naira 30,000. Tambayoyi ya ba shi. Abin da kake samu zai kai gidanka daga kaka zuwa kaka? In ciwo ya zo da dare, za ka je asibiti ba tare da ka sayar da gona ko babur ba? In an yi wata biyu ba albashi, ko damina ta ƙi, akwai ƙofa ta biyu? In maƙwabci ya yi sallama da bukata, za ka iya miƙa masa mudu guda? Wanda ya amsa waɗannan da e, ya shiga rukunin farko na Batagarawa, ko nawa ne a takardar albashinsa.

Mu kuma masu riƙe alƙalami, akwai namu rabon. Muna yawan rubuta "Alhaji mai kuɗi ne" ko "gidansu talakawa ne" mu wuce, ko mu jefa miliyoyi a labari ba tare da mun ce wace shekara ba ce. Naira 1,000 a labarin 1982 dukiya ce, a na bana kuɗin abin hawa ce. Kafin ka sa kuɗi a bakin tauraronka, ka san shekararsa, ka san farashin mudun gero a ranar, ka san wa yake bin sa bashi. Nuna mana uwar gida tana leƙa buhu tana ƙiyasin kwana nawa ya rage, ya fi shafi guda na kukan talauci.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya samu dattijo ko dattijuwa a gidansu, ya tambaye su dami nawa ke kai gidan shekara a ƙuruciyarsu, kuma wace shekara ce ba ta kai ba. Ku rubuta amsar da bakinsu, ku kawo mu karanta tare, tun masu ba da labarin suna raye.

Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a abin da muke samu. Sai mako na gaba, in Allah ya kai mu.