Tarihin Tokar Shara da Ɓuntun Shinkafa



A shekarar 1874 aka gina tanderun farko na ƙone sharar gari a birnin Nottingham ta ƙasar Ingila. Mahukunta na wancan zamani sun ɗauka cewa duk abin da wuta ta ci ya ƙare. Amma wuta ba ta cin ƙarfe. Darma da tutiya da kadmiyam sukan taru ne a cikin toka, musamman tokar nan mai laushi da ake tacewa daga hayaƙi, ruwan sama kuwa in ya ratsa ta sai ya kwashi gubar zuwa rijiyoyi.

Dabarar da aka daɗe ana bi ita ce a kai tokar nesa da ido. A 1986 jirgin ruwa mai suna Khian Sea ya bar Filadelfiya ta Amurka ɗauke da toka wajen tan 14,000, ƙasashe suka yi ta ƙin karɓarsa. A 1988 ya jibge kimanin tan 4,000 a gaɓar tekun Haiti da sunan taki, sauran ya zuba a teku. Irin wannan ɗanyen aiki na cikin dalilan ƙulla Yarjejeniyar Basel a 1989.

To, maganin ya ɓullo ta inda ba a zata ba. Tun a shekarun 1970 Farfesa P. K. Mehta na Jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa ɓuntun shinkafa, in an ƙone shi da wuta mai sauƙi, yakan bar toka wadda galibinta silika ce mai saurin haɗuwa da farar ƙasa. Masanan Jami'ar Brescia ta Italiya, ƙarƙashin Elza Bontempi, suka ɗora a kan wannan a shirin COSMOS-RICE daga 2013. Da fari silikar masana'anta mai tsada suke saye. Suka musanya ta da tokar ɓuntu, da yake Italiya ce kan gaba a noman shinkafa a Turai. Akan cuɗa tokokin da ruwa ba tare da an ƙara zafi ba, silikar ta kama farar ƙasar da ke cikin haɗin, su daskare kamar siminti, darma da tutiya su maƙale a ciki.

Sai dai a lura, ɗaure ƙarfen aka yi, ba kawar da shi ba. Gishirin da ke cikin tokar kuma bai ɗauru ba, sai an wanke shi daban.